Funfuna Da Laimar Kwaɗi Dangi Ɗaya Ne

Zuwa ga dagatai da masu unguwa da manoman ƙasar Jibiya.

Ko wane uba in ya ga ɗansa ya tsinko laimar kwaɗi a bakin juji da damina, sai ya make masa hannu, ya ce guba ce. Ya yi daidai. Amma shi wannan uban ne zai ɓare gyaɗa, ya ga ta yi kore-kore, ya hure ta, ya jefa baki. A ganina tsoron nan namu bai cika ba.

Masana sun tabbatar funfuna da laimar kwaɗi da naman kaza, har da burtuntunar dawa, duk zuriya ɗaya ce. Ba tsiro ba ne irin na gero, gama ba su da ganye, ba su kuwa samun abinci daga hasken rana. Jikinsu wasu zarurruka ne sirara kamar saƙar gizo, masu ratsa abin da suka hau suna tsotsa. Laimar da muke gani 'ya'ya ce kawai, uwar tana cikin ƙasa. Irinsu ƙura ce wadda ta fi gari laushi, iska ke ɗauka, babu ɗan kwastan a Magama da zai tsai da ita. Ba abin da take jira sai danshi da ɗumi.

To, ga inda maganar ta shafe mu. A shekarar 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila, aka bi sawu, aka tarar tunkuzar gyaɗa ce daga Birazil wadda funfuna ta kama. Dafin nan aka sa wa suna afalatoksin. Hanta yake ci a hankali, har ya kan kawo ciwon daji. A Kenya a 2004 mutum 125 suka rasu saboda masara mai irinsa. Suya ba ta kashe shi, dahuwa ba ta kashe shi, in kuwa saniya ta ci, ya kan fito a nononta.

Ban ce dangin duka mugaye ne ba. Daga wata funfuna aka gano fenisilin a 1928.

Saboda haka a shanya gyaɗa sai ta yi ƙara in an girgiza kwanso. Kada a tsibe ta a ƙasa mai danshi, buhu kuma a ɗora shi bisa itace. Abin da ya fi damuna shi ne tsintar da a kan ware, a sayar wa masu ƙuli da araha, yaranmu su ci. Wannan a ƙone ta ko a binne. Dagaci ya sa a yi shela, a kuma gaya wa sarkin kasuwa, gama buhun da aka auna a Jibiya ran Lahadi, kafin mako ya zagayo an ci shi a Ɗan Isa ko Maraɗi.