SHARHI: Digirin Aikin Lambu Da Makomar Cittar Kudancin Kaduna

Annobar da ta afka wa gonakin citta a Kudancin Kaduna cikin daminar 2023 ta bar darasi ga duk mai jari a harkar amfanin gona. A Kachia da Jaba da Kagarko ganye ya ƙone, saiwa ta ruɓe a ƙasa, farashi ya yi tashin gwauron zabi, masu fitar da kaya waje suka kasa cika alkawuran da suka ƙulla da masu saye. Kafin wannan, a 2016, tsutsar Tuta absoluta ta yi wa tumatir irin wannan ɓarna a jihar.

Babban abin da ya ba cutar ƙarfi shi ne iri. Ba a shuka citta da ƙwaya. Manomi yakan ajiye wani kaso na saiwar bana ya dasa baɗi, saboda haka cutar da ta shiga iri tana bin sa daga gona zuwa gona. Maganin wannan shi ne a samar da iri mai tsabta a ɗakin bincike, a gano cuta da wuri, a kuma kyautata busarwa da adanawa. Wannan kuwa aikin wanda ya karanci kimiyyar lambu ne har matakin digiri.

Akwai masu cewa aikin lambu gado ne, ba ya bukatar jami'a, ga kuma masu digiri birjik babu aikin yi. Gaskiya ne manomin Jaba ya san gonarsa fiye da kowa, amma gado bai tsare shi daga annobar 2023 ba. Rashin aikin kuwa yakan biyo bayan karatun da bai haɗu da kasuwa ba.

Harsashi yana nan. Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Jihar Kaduna tana Kafanchan, Cibiyar Binciken Amfanin Gona Mai Saiwa ta Umudike tana da reshe a jihar Kaduna, ga Cibiyar Binciken Lambu ta Ƙasa da ke Ibadan. Abin da ya rage shi ne hannun 'yan kasuwa.

Ya kamata dillalai da masu fitar da citta su ɗauki nauyin ɗalibai, su buɗe musu rumbunansu don koyon aiki, su kuma zuba jari a gonakin renon iri. Kuɗin karatun ɗalibi ɗaya bai kai asarar tirela guda ta busasshiyar citta ba.