A Ɗaga Tsohuwar Fijo, Amma Kada a Mai da Ita Raƙumi

Akwai wata mota da dukanmu muka taso muka tarar, watau doguwar Peugeot 504 mai layin kujeru uku, wadda kowa ya fi sani da Fijo. A Faransa aka fara ƙera 504 a shekarar 1968. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Fijo a Kaduna, ba a kuwa daina yin wannan samfuri a can ba sai a 2006. Yau da yawa daga cikinsu suna yashe a bayan gareji, tayoyi sun sace, kaji na saka ƙwai a ciki, ana jiran 'yan gwangwan su zo su yayyanka su aza a sikeli. Ni a ganina wannan asara ce. Manomin da ke zaune a ƙauye, ko malamin da aka tura makarantar da babu kwalta, gara ya gyara irin wannan mota ya ɗan ɗaga ta, da ya zauna yana mafarkin Land Cruiser wadda ko tayoyinta ba zai iya saye ba.

Dalilina kuwa shi ne damina. Duk wanda garinsu ke nesa da babban titi ya san yadda hanyar burji take komawa a watan Agusta. Ƙananan motocin zamani cikinsu na jan ƙasa, sai direba ya ce shi iyakarsa bakin kwalta. Mu ɗalibai mukan ɗora akwati a ka mu ƙarasa da ƙafa, wannan da sauƙi. Amma mace mai naƙuda fa? Ita ma sai a ce ta hau babur?

Wanda ke shakkar ƙarfin Fijo ya tuna cewa 504 ce ta lashe tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975, cikin laka da duwatsu. Haka kuma tun 1980 wani kamfanin Faransa mai suna Dangel ya riƙa ɗaukar doguwar 504 yana ɗaga ta, yana sa mata akwatin giya na biyu don ƙafafunta huɗu su riƙa ja. Ashe ke nan tunanin ba sabo ba ne.

To amma fa a nan ne nake saɓa wa wasu 'yan'uwana. In muna hira a ɗakin kwana sai ka ji yaro yana cewa shi in ya sami mota zai ɗaga ta har sai an sa tsani. Da hutu nakan zauna a garejin kawuna ina miƙa masa sifana, abin da na gani a can ya bambanta da wannan hira. Ƙafafun baya na doguwar Fijo a kan ƙarfe ɗaya suke, mai ƙullutu a tsakiya inda giyar baya take. In ka sa dogon sifirin, gangar jikin motar ce kawai za ta tashi, ƙullutun nan yana nan inda yake, kuma shi ne zai fara dukan dutse. Abin da ke ɗaga shi taya ce kaɗai. Lissafin kuwa ɗan aji ɗaya ma zai iya: in tsayin sabuwar taya ya fi na tsohuwa da inci 2, inci 1 tak ka samu. Babbar taya kuma tana da nata haraji. Birki zai rage kamawa, motar za ta yi nauyin tashi, agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da ainihin gudunka, ga ƙarin shan mai, alhali kowa ya san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a 2023.

Babban abin tsoro shi ne kifewa. Malamin kimiyya ya nuna mana da kwalba cewa duk abin da nauyinsa ya koma sama ya fi saurin faɗuwa. To ga mota an ɗaga, ga buhunan masara a kan rufi, ga mutum goma a wurin bakwai, sa'an nan a shiga kwana da gudu. Motar yau da kullum ce fa, yawancin tafiyarta a kan kwalta za ta yi, ba a fadama ba.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu masu irin wannan niyya su tsaya a inci 2 ko kusa da haka. A canza shokazoba da dogaye, a duba robar man birki kada ta ɗame ta tsinke, a kai a daidaita ƙafafun gaba. A sa mai walda ya liƙa farantin ƙarfe a ƙarƙashin injin, domin dutse ɗaya in ya fasa kaskon baƙin mai, injin ya tafi ke nan. Kafin duk wannan ma a leƙa ƙarƙashi a ga ko tsatsa ta cinye inda sifirin yake zama, don ba a ɗora gini a kan ruɓaɓɓiyar azara.

Kuma a sani ko an ɗaga ta, ƙafafun baya ne kaɗai ke ja, ba ta zama ta Dangel ba. A ajiye shebur da igiya da famfon taya a bayanta. In an zo yashi a rage iska kaɗan, in an fita a mayar. In kuwa rafi ya kawo, a kashe mota a jira ya janye.