Jamus: Taƙaddamar harsashi uku a bindigar farauta

A ƙasar Jamus, inda mutane fiye da dubu 400 ke riƙe da lasisin farauta, doka ta yarje wa maharbi ya shiga daji da bindiga mai ɗura wa kanta harsashi, amma bisa sharaɗin kada harsashin da ke cikinta ya wuce uku a lokacin da ya auna dabba. A yarjejeniyarsu ta kafa gwamnatin haɗin gwiwa a shekara ta 2025, jam'iyyun CDU da CSU da SPD sun yi alkawarin sake bitar dokar makamai ta ƙasar baki ɗaya, kuma duk sanda aka ɗaga wannan magana a Jamus sai batun irin waɗannan bindigogi ya taso.

Ga wanda bai saba da su ba, bindigar da ake magana a kanta ta bambanta da bindiga mai sarrafa kanta irin ta soja, wadda ke ta aman wuta muddin yatsa na kan kunama. Ita wannan duk danna kunama ɗaya harsashi ɗaya take fitarwa, sai dai da ƙarfin harbin ne take tofar da kwanson da ya ƙone, ta jawo sabon harsashi daga gidan harsashi ba tare da maharbi ya sa hannu ba. Saboda haka saurin harbinta saurin yatsan mai ita ne, iyakarta kuwa ita ce yawan abin da gidan harsashin ya ɗauka. A kan wannan ɗan ƙarfe ko roba da ake maƙalawa a ƙarƙashin bindiga ne ake ta kai ruwa rana.

Asalin ƙa'idar

Mutane da dama na ɗauka cewa an ƙayyade yawan harsashin mafarauta ne domin kare rayukan jama'a. A haƙiƙa domin namun daji aka fara yin dokar. A Amurka, wadda ta ga yadda masu harbi don kasuwa suka ƙarar da wata irin kurciyar daji da a da take rufe sararin samaniya, har ta ƙarshe ta mutu a gidan namun daji na Cincinnati a 1914, gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt ta kafa doka a 1935 cewa bindigar harbin agwagin daji da sauran tsuntsaye masu ƙaura kada ta ɗauki fiye da harsashi uku. Har yau mai harbin agwagwa a ƙasar sai ya cusa wani toshi a cikin bindigarsa domin rage mata ciki.

Nahiyar Turai ta bi wannan sawu a yarjejeniyar birnin Bern ta 1979 kan kare namun daji, wadda ta lissafa hanyoyin kisan da aka haramta, kamar guba da abubuwa masu fashewa, ta kuma haɗa da bindigogi masu ɗura wa kansu harsashi waɗanda gidan harsashinsu zai iya ɗaukar fiye da biyu. Biyu a gida, ɗaya a cikin bindiga, shi ne ukun da ake faɗa. Hujjar ita ce a bai wa dabba damar tsira, a kuma hana maharbi yin ruwan harsashi a kan garke, wanda sau da yawa ke barin dabbobi da rauni su je su mutu a cikin ƙungurmin daji. Dokar farauta ta Jamus ita ma a da tana ɗauke da kusan waɗannan kalmomi a sashenta na 19.

Hukuncin Leipzig

Shekara da shekaru mahukunta da mafarautan Jamus sun fahimci wannan sashe ta fuska ɗaya: kana iya mallakar bindigar, amma in za ka farauta ka maƙala mata ƙaramin gida mai harsashi biyu. Sai wasu mafarauta a jihar North Rhine-Westphalia suka kai ƙara, saboda hukuma ta rubuta musu iyakar harsashi biyu a takardar mallakar bindigoginsu, su kuwa suna son a goge, domin su riƙa amfani da manyan gidajen harsashi a filin koyon harbi. Sun yi nasara a kotun jiha. Amma da maganar ta isa babbar kotun tarayya mai sauraron ƙararrakin da suka shafi hukumomin gwamnati, wadda ke birnin Leipzig, sai reshe ya juye da mujiya.

A hukuncin da ta yanke ran 7 ga watan Maris na 2016, kotun ta ce dokar ba ta yi maganar abin da maharbi ya ɗura ba, ta yi maganar abin da bindiga za ta iya ɗauka ne. Tun da kuwa duk bindigar da ake cire mata gidan harsashi ana iya maƙala mata wanda ya fi girma, to haramun ne a yi farauta da ita, kuma mafarauci ba shi da hujjar mallakarta. Garin neman gira aka rasa ido. Cikin dare ɗaya mafarauta da yawa suka wayi gari ba su san matsayin bindigogin da suka saya bisa doka ba, hukumomi a jihohi da dama suka dakatar da ba da izinin sayen sababbi, Ƙungiyar Mafarautan Jamus kuma ta tayar da jijiyar wuya.

Ba za a ce alƙalan sun karkata doka ba, domin abin da ke rubuce suka karanta. Abin da hukuncin ya tona shi ne cewa an rubuta ƙa'idar da wata irin bindiga a zuci, wadda gidan harsashinta ke manne a jikinta, alhali kasuwa ta riga ta cika da wata iri dabam.

Gwamnati ba ta yi wata-wata ba. Ma'aikatar aikin gona, wadda Christian Schmidt na jam'iyyar CSU ke jagoranta a lokacin, ita ce ke kula da farauta, kuma kafin shekarar ta ƙare majalisar dokoki ta Bundestag da majalisar wakilan jihohi ta Bundesrat sun amince da gyara, wanda ya fara aiki a watan Nuwamban 2016. Sabon sashen ya haramta harbin dabba da doguwar bindiga mai ɗura wa kanta harsashi idan an loda mata fiye da uku gaba ɗaya.

A ido gyaran ƙarami ne, tun da adadin bai canza ba. Amma ya ɗauke nauyin daga kan bindiga ya ɗora a kan mai bindiga. Kafin nan jami'i na iya duba makami ya ce ya halatta ko bai halatta ba. Yanzu sai ya kama maharbi a cikin daji, ya ƙirga abin da ke cikin bindigarsa. Wanda ya san yadda ake farauta a dazuzzukan Bavaria ko Brandenburg, inda mutum ke zaune shi kaɗai a kan wata 'yar rumfa ta katako tun da asuba, ya san cewa wannan ƙirga ba kasafai take faruwa ba. Dokar ta dogara ne a kan amana, da tsoron rasa lasisin da ake shan wuyar jarrabawa kafin a samu. Kazalika iyakar ba ta shafi bindigar da ake jan ƙarfe da hannu bayan kowane harbi ba, ko da yake gwani kan yi harbi da wasu irinta da saurin da bai yi nisa da na ɗayar ba.

Tsaron jama'a

Maganar kare rayukan mutane ta wata ƙofa ta shigo. Anders Breivik, wanda ya hallaka mutane 77 a Norway a watan Yulin 2011, 69 daga cikinsu a tsibirin Utoya, ya sayi bindigarsa ƙirar Ruger Mini-14 ne bisa doka, da sunan farauta, sa'an nan ya yi odar gidajen harsashi masu ɗaukar 30 daga Amurka. Irin wannan bindiga ce aka yi amfani da ita wajen kashe mata 14 a wata kwalejin fasaha ta birnin Montreal a 1989, lamarin da ya sa Kanada ta ƙayyade gidan harsashin akasarin irin waɗannan dogayen bindigogi a kan biyar. Babu wata ƙa'idar harsashi uku a daji da za ta tsayar da mutumin da ya ɗaura niyyar kisa. Abin da masu neman tsaurara doka ke dogara da shi shi ne ɗan lokacin da mahari ke ɓatawa wajen sauya gidan harsashi, kamar yadda aka gani a Tucson ta jihar Arizona a 2011, inda jama'a suka danne wanda ya harbi 'yar majalisa Gabrielle Giffords a daidai lokacin da yake ƙoƙarin sake ɗuri.

Bayan hare-haren birnin Paris na watan Nuwamban 2015, Tarayyar Turai ta gyara dokarta ta makamai a 2017, inda ta tsaurara sharuɗɗa a kan gidan harsashin da ya wuce 10 ga doguwar bindiga da wanda ya wuce 20 ga ƙarama. Jamhuriyar Cek ta ƙalubalanci dokar a kotun Tarayyar, ta kuma sha kaye a watan Disamban 2019. Jamus ta shigar da ita cikin dokarta, kuma tun ran 1 ga watan Satumban 2020 sayen irin waɗannan manyan gidajen harsashi ya haramta, in ban da wanda ya sami izini na musamman. Ke nan maharbin Jamus yana ƙarƙashin lambobi biyu, uku a daji da goma a gida, kowace da dalilinta, kowace da ma'aikatar da ke kula da ita. Rikita su da juna shi ke sa muhawarar ke yawan zama maganar kurame.

A farkon 2023 ministar cikin gida ta lokacin, Nancy Faeser, ta so ta ƙara gaba, da daftarin da zai haramta wa farar hula bindigogi masu ɗura wa kansu harsashi da suka yi kama da na yaƙi, jim kaɗan bayan kama wasu masu tsattsauran ra'ayi da aka zarga da shirya juyin mulki a watan Disamban 2022. Jam'iyyar FDP, abokiyar ƙawance a gwamnati, ta ƙi amincewa, ƙungiyoyin mafarauta da na 'yan wasan harbi suka yi ca, gwamnatin kuma ta rushe a watan Nuwamban 2024 ba tare da haramcin ya zama doka ba. Raunin daftarin a fili yake: kamannin bindiga ba shi ke kisa ba, kuma duk ma'anar da aka gina a kan siffa, masu ƙera makamai na iya zagaye ta da ɗan sauyin fasali.

Aladun daji

A ɗaya hannun kuma akwai matsin lamba daga manoma. Aladun daji sun yi yawa a Jamus, sakamakon faɗaɗa gonakin masara da sauƙin hunturu, har mafarauta suka harbe fiye da dubu 800 a kakar 2019 zuwa 2020. A watan Satumban 2020 aka gano cutar zazzaɓin aladu ta Afirka a jikin mushen wani aladen daji a jihar Brandenburg, kusa da iyakar Poland. Cutar ba ta kama mutum, amma tana ƙarar da aladun gida, kuma cikin kwanaki ƙasar Sin ta rufe kasuwarta ga naman alade daga Jamus. A 2024 cutar ta ɓulla a jihar Hesse, a yammacin ƙasar.

Daga nan ne gwamnatin da ke taƙaita wa maharbi harsashi ta koma tana roƙonsa ya ƙara kisa. A farautar kora da ake yi da karnuka a kaka da hunturu, aladun kan fito a garke da gudu, maharbi na da 'yan daƙiƙu ne kawai, kuma masu goyon bayan bindiga mai ɗura wa kanta harsashi na cewa harbi na biyu cikin gaggawa shi ke hutar da dabbar da ta ji rauni. Hujja ce mai ƙarfi, amma harbi na biyu da na uku take karewa, ba ta kai ga na goma ba. Amurka ta taɓa fuskantar makamancin wannan, inda tun 1999 ta yarda a cire toshin nan a wani lokaci na musamman na harbin fararen dinya da suka yi yawa har suna lalata makiyayarsu a arewacin Kanada. Jamus ta zaɓi sassautawa ta wani ɓangaren: gyaran dokar makamai na 2020 ya buɗe wa mafarauta hanyar amfani da na'urar gani da dare da ake maƙala wa madubin bindiga, a jihohin da dokarsu ta farauta ta amince, amma dokar tarayya ta bar harsashin a kan uku.