Ranar da Oba-obar 'Yan Sanda Ta Yi Gum

A watan Yulin 2023, masu ɗaukar hoto na jaridun birnin Niyok suka kunna na'urorinsu na sauraren oba-obar 'yan sanda kamar kullum, sai suka tarar wasu layukan 'yan sandan arewacin Brooklyn sun yi gum. Na'urorin lafiyarsu ƙalau. Rundunar ce ta fara kulle maganganun jami'anta da makullin sirri, a cikin wani aikin sabunta oba-oba da ya lashe ɗaruruwan miliyoyin daloli. Tun 1932 duk mai rediyon da ya dace yake jin abin da 'yan sandan birnin ke faɗa wa junansu, sai ga shi bayan shekara 91 an shiga rufe ƙofar, unguwa bayan unguwa.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi na iya riƙe baki: a ce farar hula ya kishingiɗa a ɗakinsa yana sauraren oba-obar hukuma, kuma ba a zo an yi awon gaba da shi ba? A Amurka doka ta yarda. Dokar tarayya ta 1986 da ta hana satar jin maganar mutane ta ware maganganun 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da ake watsawa a fili, ta ce waɗannan kowa na iya ji. Wasu jihohi, irin su Florida da Indiyana da ita kanta jihar Niyok, sun taƙaita ajiye na'urar a cikin mota, kuma wanda ya yi amfani da ita wajen aikata laifi ya ƙara wa kansa tuhuma. Amma sauraren kansa ba laifi ba ne. Wannan al'ada ce ake binnewa yanzu, kuma binne ta asara ce ga jama'a, duk da cewa masu neman a rufe suna da hujjojin da ba za a yi watsi da su ba.

Na'urar ana ce mata sikana. Aikinta shi ne ta riƙa zagaya layukan da aka ɗora mata cikin sauri, da zarar ta ji murya a wani layi sai ta tsaya, in mai maganar ya yi shiru ta ci gaba da zagayenta. Ji kawai take yi, ba ta aika magana. Tun kafin a ƙirƙiro ta mutane ke saurare: lokacin da 'yan sandan Detroit suka fara aika saƙo zuwa motocin sintiri a 1928, zangon da 'yan sanda ke amfani da shi a wancan zamani yana maƙwabtaka da na gidajen rediyo, har rediyon gida ma yakan kamo shi. A lokacin mota ji kawai take yi, sai a 1933 garin Bayonne na jihar New Jersey ya kawo tsarin da jami'i zai iya mayar da amsa. Sikana samfurin Bearcat ta shiga kasuwa a ƙarshen shekarun 1960. Yau kuwa ba sai mutum ya sayi komai ba. Masu sha'awar abin suna jona na'urorinsu da intanet ta shafin Broadcastify, sai ka ga mutum a wata nahiya yana jin kiran motar asibiti a Shikago ta wayar hannunsa.

Wanda ya fara nuna wa duniya abin da kunne ɗaya zai iya yi shi ne Arthur Fellig, mai ɗaukar hoton da aka fi sani da Weegee. A 1938 ya samu izinin ajiye rediyon 'yan sanda a motarsa. Da dare yake aiki. But ɗin motar cike yake da kayan sana'a: kyamara, ƙwayayen fitilar hoto, har da tafireta ta rubuta bayanin hoto a bakin titi. Yana jin kira zai taka mota, sau da yawa ya riga 'yan sandan isa, ya ɗauki gawar da ke kwance a gefen hanya ko matan da ke kuka a gaban gidan da ke ci da wuta, kafin gari ya waye ya sayar wa jaridu. Littafinsa na 1945, Naked City, daga wannan yawon dare ya fito. Ba ma'aikacin wata jarida ba ne, da kansa yake cin gashinsa, kuma wannan batu zai yi muhimmanci idan aka zo kan tambayar wa ya cancanci a ba shi makulli.

Amfanin sauraren ya wuce samun hoto mai ɗaukar ido. A ranar 17 ga Yulin 2014, a Staten Island na birnin Niyok, 'yan sanda suka tare Eric Garner bisa zargin yana sayar da taba sigari kara-kara ba bisa ƙa'ida ba. Wani jami'i ya shaƙe masa wuya, Garner ya faɗi sau 11 cewa ba ya iya numfashi, daga nan rai ya yi halinsa. Wani da ke wurin ya ɗauki bidiyo da wayarsa. Kamar yadda 'yan jaridar birnin suka sha bayyanawa, mai ɗaukar hoton jaridar Daily News ta oba-oba ya ji cewa wani abu na faruwa, ya garzaya, ya haɗu da mai bidiyon, jaridar ta fitar da shi duniya ta gani. Duk da haka sai da aka shekara biyar kafin a kori jami'in daga aiki. To ina ga a ce babu ɗan jaridar da ya san an yi wani abu a wannan titi sai da sanarwar hukuma ta fito?

Irin abin da sanarwar hukuma kan ƙunsa kuwa an gan shi a Minneapolis a watan Mayun 2020. Bayanin farko da rundunar ta fitar kan mutuwar George Floyd cewa ya yi mutumin ya rasu ne bayan wata matsalar rashin lafiya yayin mu'amala da 'yan sanda. Ko kalma ɗaya babu game da gwiwar da aka danne masa wuya da ita sama da minti tara. Kowace hukuma a duniya, in aka bar ta ita kaɗai ta ba da labarin kanta, za ta gyara shi. Abin da oba-oba ta buɗe ke bayarwa shi ne shaidar da aka furta a daidai lokacin da abin ke faruwa, kafin lauya ya duba, kafin kakaki ya zaɓi kalmomi: ƙarfe nawa aka kira, ƙarfe nawa aka iso, wa ya ba da umarni.

Sannan akwai ceton rai kai tsaye. Manhajar Watch Duty, wadda wata ƙungiyar sa-kai ta kafa a Kalifoniya a 2021, ta dogara ne da mutanen da ke kwana suna sauraren layukan 'yan kwana-kwana, cikinsu har da tsofaffin ma'aikatan kashe gobara da na ɗakin karɓar kira. Sukan ji rahoto, su tantance shi a tsakaninsu, sannan su tura wa jama'a inda wuta ta nufa da hanyar da ta toshe. Da gobarar Los Anjalis ta tashi a ranar 7 ga Janairun 2025, ta ci gine-gine sama da 16,000, manhajar ta zama wadda aka fi saukewa a wayoyin iPhone a ƙasar. A yammacin Altadena, inda akasarin waɗanda gobarar Eaton, wani ɓangare na wannan gobara, ta kashe suke zaune, umarnin hukuma na a bar gidaje ya makara da awanni. A irin wannan dare, minti goma na iya raba mai rai da gawa.

'Yan sanda ma da tasu maganar. Suna cewa ɓarayi da 'yan fashi na saurare da waya don su san lokacin da za su cika wandonsu da iska. Suna tuna ƙarshen Mayun 2020, lokacin zanga-zangar kisan Floyd, da wasu suka riƙa kutsawa layukan 'yan sandan Shikago suna saka kiɗa da zage-zage, jami'ai na neman ɗauki ba a jin su. Suna kuma nuna abin da ke ratsa layin kowace rana: sunan matar da aka yi wa fyaɗe, adireshin gidan da miji ya lakaɗa wa matarsa duka, ranar haihuwar direban da aka tsayar, halin yaron da ya yi yunƙurin kashe kansa. Babu mai hankalin da zai so a watsa irin wannan ga duk wanda ya ga dama.

Hujjarsu mafi nauyi ita ce Boston. Bayan bama-baman da suka tashi a wajen gasar gudun fanfalaki a ranar 15 ga Afrilun 2013, suka kashe mutum uku, suka jikkata sama da 260, dubun dubatar mutane suka tare a kan layukan 'yan sanda ta intanet a daren da ake farautar waɗanda ake zargi a garin Watertown na kusa da birnin. Duk abin da suka ji sai su watsa a Twitter, har da inda jami'ai suka yi kwanton ɓauna, sai da rundunar ta fito ta roƙi a daina, Broadcastify kuma ya dakatar da layukan birnin. Mafi muni, aka yaɗa cewa an ji 'yan sanda sun ambaci sunan wani ɗalibin jami'ar Brown da ya ɓata tun watan Maris a matsayin ɗaya daga cikin maharan. Da aka koma aka saurari faifan, babu sunansa a ciki. Yaron ba shi da hannu a komai, kuma da aka tsinci gawarsa a kogi bayan 'yan kwanaki, ta tabbata ya rasu tun kafin harin. Iyalinsa, da ke cikin zullumin neman ɗansu, suka kwana suna amsa wayar masu zagi da 'yan jarida.

Darasin Boston na gaske ne, kuma masu kare sauraren ya kamata su fi kowa faɗarsa. Maganar oba-oba ɗanya ce. Jami'in da ke gudu yana haki yana faɗar abin da yake zato ne, mai karɓar kira yana maimaita abin da wani firgitacce ya gaya masa ne. Wanda ya ɗauki wannan ya watsa a matsayin labari ya yi ta'asa.

Sai dai ko ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli ba ta buƙatar a rufe komai da komai. Layukan samame da na masu farautar 'yan ta'adda sun daɗe a kulle a birane da yawa, kuma ba wanda ke jayayya da hakan. Masu kutse da kiɗa na'urar aika magana suke amfani da ita, wadda sikana ba ta da ita, kuma abin da suke yi laifi ne tun asali. Rufe babban layin da ake rarraba kira saboda su, haushin kaza ne aka huce a kan dami. Batun sirrin mutane kuwa, Kalifoniya ta gwada shi a aikace. A watan Oktoban 2020 ma'aikatar shari'ar jihar ta umarci rundunoni su kare bayanan mutane, ta ba su zaɓi biyu: ko su kulle layi, ko su tsara yadda ba za a riƙa karanta irin waɗannan bayanai a fili ba. Da yawa suka zaɓi kullewa domin ta fi sauƙi. Rundunar sintirin manyan hanyoyin jihar ta bar layukanta a buɗe, ta canza yadda jami'anta ke isar da bayanan. Garin Palo Alto ya kulle a farkon 2021, jama'a da jaridun garin suka yi ta ƙorafi, a 2022 ya sake buɗewa, jami'ai suka koma tura bayanan sirri ta waya ko kwamfutar cikin mota.

Shikago ta bi hanyar tsakiya: ta kulle layukanta daga 2022, tana sakin maganganun ta intanet bayan jinkirin minti 30. Ga mai bincike washegari wannan ya wadatar. Ga uwar da ke son sanin ko harbin da ta ji a kusa da makarantar 'ya'yanta ne, rabin awa ya yi yawa, balle ma birnin ne ke riƙe da linzamin abin da zai fita. Jinkirin minti biyar zai hana ɓarawo cin moriya ba tare da ya makantar da unguwa ba.

Kolorado ta yi doka a 2021 da ta wajabta wa duk rundunar da ta kulle layinta ta tsara hanyar da kafafen yaɗa labarai za su saurara. Niyyar mai kyau ce, amma tana ɗauke da tarko. Idan 'yan sanda ne za su tantance wane ne ɗan jarida, to makullin ya zama kyautar da za a iya ƙwacewa ranar da aka buga labarin da bai yi musu daɗi ba. Manyan gidajen talabijin za su samu. Mai cin gashin kansa irin Weegee, da 'yan sa-kan da ke gadin gobara, da ƙaramar jaridar unguwa, su za a bari a waje.

Ba kowace ƙasa ce ta taɓa sanin wannan 'yanci ba. A Birtaniya dokar 2006 ta haramta sauraren saƙon rediyon da ba don kai aka aiko ba, kuma 'yan sandan ƙasar sun koma tsarin Airwave mai kulle tun farkon shekarun 2000. Don haka kada wani ya karanta labarin Amurka ya ɗauka dokarsu ce ta ƙasarsa. Amma tambayar da ke ƙarƙashin rigimar ta shafi duk inda jami'i ke rataye da oba-oba a kafaɗa, har da nan gida, inda bayan kowane artabu a kan hanya ko a ƙauye abin da jama'a ke samu shi ne takardar kakakin runduna a gefe guda, saƙon murya na WhatsApp a ɗaya gefen, babu na ukun da zai raba gardama. Duk lokacin da gwamnati ta kawo kasafin sayen sabbin na'urorin sadarwa ga jami'an tsaro, 'yan majalisa da 'yan jarida na da damar su tambaya ko ana naɗar kiran da ke shiga lambar gaggawa ta 112 da maganganun da ke biyo baya, wa ke ajiye faifan, tsawon wane lokaci, kuma ko alƙali ko kwamitin bincike na iya neman a kawo shi a saurara a gaban iyalan wanda aka kashe.