Mu Sa wa Wayar Pampo Riga Tun Ba Ta Yi Kisa Ba



Tun bayan farin shekarar 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta ƙarfafa noman rani, garka ta zama rumbu na biyu ga talakan ƙasarmu. Albasar Galmi, tumatir, kabeji, salati da tattasai sun rufa asirin gidaje masu yawa daga Tawa zuwa Damagaram. Iyayenmu da guga da jigo suka fara ban ruwa. Daga baya pampo mai shan mai ya zo. Yau ga pampo mai aiki da wutar lantarki, wadda muka fi sani da kuran. Wani yana ɗauka daga babban layi, kamar a filin noman rani na Jiratawa kusa da Maraɗi, wani kuma daga farantan hasken rana. Wannan ci gaba ne, mun gode Allah. Amma mun kawo kuran bakin ruwa, kuma da yawa daga cikinmu sun bar wayarsa tsirara. A kan wannan muke son mu yi magana yau.

Abin da idonmu ya gani

A wani rangadi da muka yi na cibiyoyin karatun manya, mun ratsa garkar wani ɗalibinmu, magidanci mai himma. Wayar da ta taso daga akwatin kuran zuwa pampo tana kwance a cikin taɓo. Mun ƙirga ɗauri uku a jikinta, kowanne an naɗe shi da leda da tsohuwar robar tayar keke. Yaransa biyu suna jan ruwa cikin fangali, ƙafa ba takalmi. Da muka yi masa magana sai ya yi dariya, ya ce: "Malam, ba ya komai, sai dai da safe in an taɓa pampon yakan ɗan yi cizo."

Wannan ɗan cizo shi ne ya hana mu barci. Pampo mai lafiya ba ya cizo. Duk ƙarfen da ya ja hannun mutum, ko kaɗan ne, yana shaida cewa kuran ya bar hanyarsa yana neman wata. Ranar da ya samu jiki jiƙaƙƙe, ta nan zai bi.

Me ya sa garka ta fi ɗaki haɗari?

Kuran da yake shiga gidajenmu ƙarfinsa bolt 220 ne, na manyan pampuna kuma 380. Busasshiyar fata tana ɗan tare shi. Amma in fata ta jiƙe da ruwa ko gumi, mutum kuma yana tsaye cikin taɓo, kariyar ta kusan ƙarewa. Kuran ya shiga ta hannu, ya ratsa ƙirji, ya fita ta ƙafa zuwa ƙasa. Yana ƙanƙance naman hannu har mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe, yana kuma rikita bugun zuciya. Abin da ya isa ya tsayar da zuciyar ƙato bai kai wanda ƙwan fitila irin na da, mai wat 25, yake ci ba.

Farantan hasken rana ma ba abin raini ba ne. In an jera su da yawa a layi ɗaya, ƙarfinsu yana kaiwa ɗaruruwan bolt, kuma muddin rana na haskawa suna ba da wuta, ko pampo na aiki ko ba ya yi.

Ita kuwa waya a garka maƙiyanta shida ne. Rana tana dafa robarta har ta tsage, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40. Ɓera da gafiya suna gaigayar ta. Akuya tana tauna ta. Hauya tana saran ta. Girgizar inji tana goga ta a bakin ƙarfe har ta feɗe. Ruwa kuma yana jiran ƙaramar kafa.

Rigar da ta dace

Maganin da masu sana'ar kuran suka sani shi ne a zura waya cikin wani tiyo na musamman, mai lanƙwasa, wanda ruwa ba ya ratsa shi. A shagunan kayan kuran ana ce wa tiyon waya gen. Mu a nan za mu kira shi rigar waya. Sai dai ba kowane gen ne yake hana ruwa ba, don haka a faɗa wa mai shago sarai cewa wanda ake so shi ne mai hana ruwa, na waje.

Iri biyu ne. Na farko yana da ƙarfe a ciki, naɗaɗɗe kamar zobba a jere, an lulluɓe shi da roba mai kauri. Shi ya fi dacewa inda ake tsoron haƙorin ɓera, ko takun dabba, ko saran hauya. Na biyu roba ne zalla, mai ƙashi mai tauri a cikin jikinsa. Ba shi da nauyi, ba ya tsatsa, ya dace da wurin da laima ba ta yankewa, ko kusa da ma'ajiyar takin zamani, domin taki yana cin ƙarfe.

Amfanin lanƙwasarsa shi ne wannan: inji yana rawa in yana aiki. In aka haɗa shi da tiyo sandararre, girgiza za ta kwance mahaɗa ko ta fasa tiyon. Mai lanƙwasa kuwa yana bin rawar inji ba tare da ya saki ba. Saboda haka wurinsa shi ne gaɓar ƙarshe, wato daga akwatin kuran zuwa jikin pampo, ko daga bakin rijiya zuwa akwati, ko daga farantai zuwa na'urar da ke sarrafa su. Haka ma a injin niƙa, da injin ba da wuta na gidan likita.

Ga inda karatu yake rana

Muna yawan faɗa a cibiyoyi cewa mai karatu ba a sayar masa da gaibu. To ga wurin gwaji. Kayan kirki suna da rubutu a jikinsu ko a kwalinsu.

Na ɗaya, a duba girman tiyo. Ana rubuta shi da milimita: 16, 20, 25, 32. Ƙa'idar aikin kuran ta Faransa, wadda masu sana'a da yawa a nan suka koya, ta ce kada wayoyi su cika fiye da kashi ɗaya cikin uku na cikin tiyo. Waya tana ɗumi in tana aiki, tana son sarari. In an cusa ta da ƙarfi kuma, tun wajen ja za ta feɗe.

Na biyu, a nemi haruffa biyu, I da P, da lambobi biyu a bayansu, a jikin akwati da mahaɗa. Lambar farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IP65 na nufin ƙura ba ta shiga, feshin ruwa ma ba ya shiga. IP67 na nufin ko ya nutse na ɗan lokaci cikin ruwan da bai wuce mita ɗaya ba, zai jure. A ƙasar hazo da ruwan sama mai iska irin tamu, kada a yarda da abin da bai kai IP65 ba a fili.

Na uku, a tabbatar an yi shi don zama a rana. Sau da yawa akan rubuta haruffan UV. Gen mai launin lemo da muke gani wajen magina an yi shi ne don a binne cikin siminti. A fili rana tana cinye shi, kuma yana kama wuta.

Yadda ake sa ta

Wannan aiki na mai sana'a ne. Amma mai garka shi ke biya, yaransa ne kuma ke taka wurin, don haka ya tsaya ya ga an yi waɗannan:

A kashe kuran daga tushe kafin a taɓa komai. In na rana ne, a kashe makunnin da ke tsakanin farantai da na'ura.

A sayi mahaɗa tare da tiyo. Kowane baki yana da tasa, mai noti da zoben roba da ke matse tiyo a jikin akwati. Tiyo mai tsada da aka ɗaure bakinsa da leda, tulu ne ba marfi.

A yanka baki daidai, a goge kaifinsa, musamman mai ƙarfe, don kada ya yanki waya.

Waya ta zama guda daga farko har ƙarshe. Ba a ɗauri a cikin tiyo. In dole ne a haɗa, a yi shi cikin akwati mai marfi, sama da ƙasa.

Tiyo ya shiga akwati ta ƙasa, a bar shi ya ɗan yi ciki kafin ya hau. Ta haka ruwan da ya bi bayansa zai ɗiga ƙasa maimakon ya gangara cikin akwati.

Kada a ja shi ya miƙe tsam, kada kuma a karya shi kamar gwiwa. A kafe shi a bango ko a turke kusa da akwati, sannan kusan kowace mita, a bar gaɓar da ke kusa da inji ta sake.

In tafiyar waya doguwa ce, a binne ta cikin jan tiyon da aka yi don ƙarƙashin ƙasa, zurfin rabin mita ko fiye, a shimfiɗa jar raga a samansa don mai haƙa ya gani ya tsaya. Wayar da ke sauka cikin rijiya kuwa irinta dabam ce, wadda aka yi don zama cikin ruwa.

Masu cewa a'a

Mun ji uzuri uku. Wasu sun ce tsada. Gaskiya ne, ya fi leda tsada, kuma a ƙauye sai an aika birni. Amma mita biyu ko uku ake buƙata a mafi yawan wurare. A gwada kuɗinsu da kuɗin naɗin injin da ya ƙone, da albasar da ta yi kwanaki ba ruwa ana jiran gyara. Ran ɗa kuwa ba a yi masa kuɗi.

Wasu sun ce tiyon ban ruwa ma yana yi. Ba ya yi. Ba a yi shi don jure wuta ba, ba shi da mahaɗar da za ta rufe bakinsa, in ya tsage kuma sai ya tara ruwa ya jiƙa waya dare da rana. Abin da ya fi muni, wanda ya ga tiyon ruwa a kwance zai iya sa wuƙa ya yanki guntu, bai san abin da ke ciki ba.

Wasu kuma sun ce abin da aka rubuta ba ya kankaruwa. Mu ma mun yi imani da ƙaddara. Amma mai wannan magana yana shinge garkarsa don awaki, yana kulle rumbunsa don ɓarawo. Wanda ya yi wa kabeji shinge, ya dace ya yi wa ɗansa.

Riga kaɗai ba ta isa ba

Kada mu ruɗi kanmu. Tiyo yana tsare waya, amma ba ya hana kuran zurarewa daga cikin inji zuwa jikinsa. Abu biyu ne ke maganin wannan. Na farko wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, wadda ke haɗa jikin pampo da sandar ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. Ita ma ta bi cikin tiyo tare da sauran, kada a dogara da ƙarfen tiyo a madadinta. Na biyu makunni mai kashe kansa in kuran ya zurare, wanda aka rubuta 30 mA a jikinsa. Yana da ɗan maɓallin gwaji. A riƙa danna shi lokaci lokaci. In bai kashe wuta ba, a kira mai gyara.

In tsautsayi ya auku

Kada a kama wanda kuran ya riƙe da hannu, don kada ɗaya ya zama biyu. A ruga a kashe makunni. In ya yi nisa, a tsaya a busasshen wuri, a ture waya da busasshen icce. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa ko madara, zai iya shaƙewa. In ba ya numfashi, wanda ya koyi danna ƙirji ya fara nan take, a kuma nemi abin hawa. Ko ya tashi ya ce lafiyarsa lau, a kai shi gidan likita a ranar, domin ƙunar kuran takan yi zurfi a ciki, zuciya kuma takan rikice bayan an watse.

Kiranmu

Muna kira ga ƙungiyoyin manoma da na mata masu garka: duk ranar da za a sayi pampo, a rubuta kuɗin tiyo da mahaɗa da wayar ƙasa da makunni cikin lissafi ɗaya da shi. In an haɗa kai an sayo naɗi guda an raba, sai ya zo da sauƙi. Muna kira ga masu sana'ar kuran su ƙi yin aikin leda ko mai garka ya matsa musu. Muna kira ga malaman cibiyoyi su kai guntun tiyo aji, ɗalibai su karanta lambobin da ke jikinsa da bakinsu.

Kai kuma ɗan uwa, gobe da safe kafin ka kunna pampo, bi wayarka da ido daga akwati har rijiya. In ka ga leda, ko tsaga, ko waya cikin taɓo, kada ka kunna sai an gyara. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya sa albarka a noman rani.