Ƙofar Siminti Ba Ta Fanshi Ganuwar Kano Ba

A shekarar 2010 katafila ta tasa Ƙofar Na'isa a gaba, ta kwantar da ita ƙasa don a faɗaɗa titi. Ƙofar da ta ga sarakunan Haɓe, ta ga Jihadi, ta ga zuwan Turawa da tafiyarsu, ita ce aka share cikin sa'o'i. Daga baya aka tsayar da wata, aka shafa mata launin ƙasa, aka ce mana an gyara. Wa aka raina wa hankali? Abin da aka rushe ya rushe, kuma abin da aka gina a gurbinsa allon tallan gwamnati ne mai sunan ƙofa.

Tun daga nan salon bai canja ba. Duk gwamnatin da ta zo sai ta yi wa ganuwa nata yankan. Wata ta yi gadar sama a Ƙofar Nasarawa da hanyar ƙarƙashin ƙasa a Kabuga da Gadon Ƙaya, ta mayar da ƙofofi na kankare. Wata ta yanka fulotai a jikin badala. Wadda ta zo a 2023 ta shiga rusau, ta ture wasu gine-ginen da aka dasa a gefen ganuwar, jama'a suka yi ta tafi. To, bayan ƙura ta lafa fa? Ture shago abu ne mai sauƙi, ana yin sa da tsakar dare. Tayar da bangon ƙasa kuwa sai da magina da kuɗi da haƙuri, kuma ba ya kawo ƙuri'a, shi ya sa ba a cika rububinsa ba.

Ina so mai karatu ya san nauyin abin da muke wasa da shi. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara wannan gini. Muhammadu Rumfa, mai sarautar 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa shi. Da sojojin Ingila suka iso ƙarƙashin Kanar Morland a watan Fabrairun 1903, Sarki Alu yana hanyar Sakkwato, sai da suka sa igwa kafin su samu shiga ta wajen Kabuga. Turawan da kansu sun rubuta cewa tsayin bangon ya kai ƙafa 30 zuwa 50 a wasu wurare. Abin da igwar Nasara ta kasa gamawa da shi, mu jikokin maginan mun gama da shi da shebur da takardar fuloti.

Kada a ce duk laifin gwamnati ne, domin ba haka ba ne. Bi ta titin Jami'ar Bayero daga Ƙofar Na'isa ka nufi Dukawuya, ka rage gudu ka duba. Za ka ga inda aka rarake gindin bango aka kwashi jar ƙasa a baro, ramin ya yi baƙi da toka da leda. Za ka ga bola ta hau kai, awaki suna kiwo a bisanta, ga warin bahaya. Can gaba wani ya jingina bulo da jikin ganuwa ya samu bango ɗaya kyauta, ya kafa kwano, ya liƙa lambar waya wai ana neman ɗan haya. Mutumin nan da za ka tsayar da shi, sai ya cika maka kunne da kirarin Kano ta Dabo, tumbin giwa. Da bakinsa yake yabon garin, da hannunsa yake cinye shi.

Akwai masu cewa ai ƙasa ce, ruwan sama ne ke cin ta, ba yadda za a yi. Wannan magana ce ta wanda bai taɓa zama a gidan ƙasa ba. Ginin ƙasa yaɓe yake so. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa idan damina ta wuce ake fitowa aikin gayya, a kwaɓa ƙasa, a toshe inda ya tsage. Har gobe mutanen Jenne a Mali suna fitowa kowace shekara su yaɓe babban masallacinsu. Agadas, nan maƙwabta a Nijar, ta riƙe tsohon garinta da hasumiyarta ta ƙasa har UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Ganuwar Kano da Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi kuwa tun 2007 suke zaune a jerin masu jiran gado. Najeriya na da Sukur da kurmin Osun na Oshogbo a babban jerin, Kano tana layi. Idan masu tantancewa suka zo yau, me za mu nuna musu, gidan mai ko shagon taya?

Hukumar kula da gidajen tarihi da kayan tarihi ta ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa, ita ce a takarda ke riƙe da wannan amana. Amma ikon ƙasa yana hannun gwamna, bisa dokar filaye ta 1978. Mai tsaron yana da doka ba shi da ƙarfi, mai rabon fili yana da biro da hatimi. A nan gizo ke saƙar, kuma a nan ya kamata a fara.

Majalisar dokokin jiha ta yi dokar da za ta haramta ba da ko taku ɗaya a jikin badala, ta tanadi hukunci a kan jami'in da ya sa hannu, ba a kan talakan da ya saya kaɗai ba. A auna abin da ya rage, a buga taswirarsa kowa ya gani. A wallafa sunayen waɗanda aka bai wa fulotai, ko su wane ne. Masarauta tana da sarakunan ƙofa da masu unguwanni, ta ba kowa yankinsa, ta tambaye shi a kansa. Kuɗin gyara kuma a damƙa wa maginan gargajiya da suka san tubali da makuba, a daina bai wa ɗan kwangilar da abin da ya iya kawai shi ne odar siminti. Duk wanda zai zo neman ƙuri'a cikin birni, a tsayar da shi a Dukawuya, a nuna masa ramin da ke gindin bango, a tambaye shi nawa ya ware wa yaɓe kafin damina mai zuwa.