Kafin a rufe makaranta, a tuna da tukunyar malami

Makon nan aka fara shirin bikin ƙarshen shekara a makarantun kuɗi, kuma tun ranar Litinin zauren WhatsApp na iyayen ajin autata bai huta ba. Wata baiwar Allah ce ta kawo shawara, da zuciya ɗaya, cewa a yi karo-karo a saya wa malamar ajin abin godiya. Kowa ya ce madalla. Da aka zo kan abin da za a saya, sai shawarwari suka yi ta zubowa. Wannan ya ce a buga mata kofin shayi mai hotonta, waccan ta ce a yanko lambar yabo ta gilashi a rubuta sunanta da ruwan zinare, wani ya ce kek mai hawa biyu za a yi, a yanka a gaban yara a ɗauki hoto. Babu wanda ya tambayi unguwar da malamar take zaune, ko mota nawa take hawa kafin ta iso makaranta, ko kuma za a biya ta albashin watan Agusta. Abin ya tsaya mini a rai har na ajiye batun da na yi niyyar kawowa yau.

Niyyar iyayen nan mai kyau ce, Allah ya saka musu. Abin da ya dame ni shi ne mun manta irin rayuwar da mai koyar da 'ya'yanmu yake yi. A watan Yuli na 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000. Amma dokar ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma duk wanda ya san ƙananan makarantun kuɗin da suka cika lungunan Kano, Kaduna, Zariya da Jos ya san da yawansu ba su kai wannan adadin ba. Ko waɗanda suka kai, wa yake bin diddigi? Akwai masu NCE, har da masu digiri, da ake biya abin da bai kai tsohon mafi ƙarancin albashin ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin a-daidaita-sahu kaɗai yana cinye kaso mai tsoka na wannan ɗan abin. Sannan ga babbar: makarantu da dama ba sa biyan albashin dogon hutu. Wasu su ba da rabi, wasu su ce tunda yara ba su biya kuɗin Agusta ba, malami ma sai ya jira Satumba.

Ku duba lokacin da hutun yake faɗowa. Tsakiyar marka ce. Hatsin bara ya ƙare a rumbu, sabon gero bai shigo kasuwa ba, zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da yara gida-gida. A wannan watan ne malamar da ta shekara tana share wa ɗanka majina, tana riƙe masa hannu har ya iya rubuta sunansa, za ta zauna a gida babu ko sisi mai shigowa. Ita ce za a miƙa wa gilashi mai ruwan zinare.

In dai godiya ake son yi, a ba malami abin da zai shiga tukunyarsa. Kuɗin da iyaye talatin za su haɗa a buga kofi da kek zai sayi shinkafa kwano da yawa, da galan na man gyaɗa, da wake, da sabulu da omo. In ba a son wahalar kasuwa, a sa kuɗin a ambulan a miƙa mata cikin mutunci, ita ta san inda yake mata ƙaiƙayi: ko bashin mai shago ne, ko kuɗin haya, ko maganin mahaifiyarta. In kuma ana son abin da za ta daɗe tana tunawa, turmin atamfa mai kyau tare da kuɗin ɗinki ya fi kowace lambar yabo, domin za ta sa shi ta shiga taro da shi. Namiji a yanka masa yadi ko shadda, a haɗa da kuɗin tela. Kada a manta da kuɗin ɗinkin nan. Na sha ganin yadin kyauta ya shekara a akwati saboda mai shi ba shi da abin kai wa tela.

Wanda yake son ya san abin da malami yake buƙata da gaske, ya tambayi ɗansa. Yara sun fi mu gani. Yaron da ya wuni a gaban mutum wata tara ya san takalmin Ankul ya ɓalle an ɗinke, ya san gilashin wayar Anti ya fashe, ya san wadda take zuwa a jiƙe duk ranar da aka yi ruwan safe saboda ba ta da laima. Ya san wadda take da juna biyu, ya san wanda aka yi wa rasuwa. Ka zaunar da shi bayan sallar isha ka ce, "Me ka ga malaminku ba shi da shi?" za ka sha mamakin amsar. Akwai kuma malaman da suke amfani da hutun wajen ƙaro ilimi, wasu a Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna, wasu a kwalejojin ilimi da jami'o'in da suke da karatun dogon hutu. Irin wannan in ka rage masa kuɗin rajista ko na littattafai, ɗanka da ƙannensa ne za su ci ribar abin a aji.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu, mu ne muka watsar. Iyayenmu da suka kai mu makarantar allo ba su taɓa tunanin malam iska yake sha ba. Ranar Laraba kowane yaro zai zo da kuɗin Laraba kafin hutun Alhamis da Juma'a. In yaro ya kai wata sura akan soya waina ko ƙosai a kai makaranta sadaka. In kaka ta yi, damin gero ko na dawa yakan isa ƙofar gidan malam ba tare da ya roƙa ba. Ranar sauka kuwa uba yakan yi wa malam riga da hula, mai hali ya haɗa da rago. Duk abin da aka lissafa a nan, in ba kuɗi ba, ko na ci ne ko na sutura. Kuma uban yaro da kansa yake zuwa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaida malam, ya ce Allah ya saka da alheri. Yanzu fa? Malamin Islamiyyar da yake karɓar yaranmu da yamma, a gajiye, bayan bokon ta gama tatse su, shi ne ma ba ya shiga lissafi gaba ɗaya. Kuɗin watan da ake ba shi bai kai na data ɗin da uba yake saya a mako ba, shi ma ɗin sai an yi ta aike. Duk wanda zai ware wani abu don malamar boko a watan nan, ya raba biyu.

Masu bibiyar wannan fili sun san matsayina kan bikin yaye 'yan nazare, kuma ba zan gaji da faɗa ba. Yaro ɗan shekara biyar, bai gama iya tsarki ba, a ɗinka masa doguwar riga da hula mai tuntu irin ta jami'a, a ce ya kammala karatu. Me ya kammala? A karɓi kuɗin riga, kuɗin hoto, kuɗin rumfa, kuɗin abinci, kuɗin mai kiɗa. A 2025 gwamnatin jihar Imo ta hana irin wannan biki ga 'yan nazare da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare, kuma ban ga dalilin da zai hana jihohinmu yin haka ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne malaman da za a sa su kwana suna hura balan-balan, su koya wa yara rawa da waƙa na makonni, su yi hidimar baƙi tun safe har la'asar, su ne za a sallama hannu rabbana ranar da aka rufe. Mai makaranta ya tara kuɗin biki daga ɗaruruwan iyaye, ya hau mumbari ya kira malamansa ginshiƙan al'umma, ya miƙa wa ɗaya daga cikinsu agogon bango, sannan ya riƙe albashin Agusta. Wannan zalunci ne, ba shi da wani suna. Haƙƙin ma'aikaci ba ya faɗuwa don an tafa masa a taro, kuma mai makarantar da yake yin haka ya sani akwai ranar da za a tambaye shi.

Na san akwai masu cewa ba malami kuɗi ya yi kama da toshiyar baki. Maganinsa lokaci ne. A bari a gama jarrabawa, a raba katin sakamako, yaro ya san matsayinsa, sannan a kai. Wanda ya aika wa malami buhun shinkafa ana saura mako guda a fara jarrabawa ya san abin da yake nema, malamin da ya karɓa ma ya sani. Labarin Ibnul Lutbiyya yana cikin Bukhari da Muslim: an aike shi karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce shi aka ba kyauta, Manzon Allah (SAW) ya yi faɗa a kan hakan a bainar jama'a. Duk kyautar da za ta karkata alƙalamin mai maki a guje ta. Shi ya sa ma na fi son karo-karo a kan kowa ya yi nasa. In an haɗa, ba a san wanda ya ba da dubu goma da wanda ya ba da ɗari biyar ba, a ce daga iyayen aji ne baki ɗaya. Kuma don Allah a daina ɗora wa yara ƙunshin kyauta su kai a gaban 'yan ajinsu. Marayan da ya zo hannu sake yana kallo, kuma ba zai manta ba.

Duk wannan maganar makarantun kuɗi ce. Malamin firamaren gwamnati kuwa ko kofin ma ba ya samu. Shi ne yake tsayawa gaban yara fiye da ɗari a ajin da ba benci, wani lokaci ba rufi, iyayen yaran da yawa ba su san ko sunansa ba. A Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoba, 2020, gwamnatin Buhari ta yi alƙawarin tsarin albashi na musamman ga malamai, da ƙara shekarun ritaya zuwa 65 ko shekara 40 ta aiki. An sa hannu a dokar ritayar a 2022, albashin na musamman kuwa mafi yawan malamai har yau labarinsa kawai suke ji. A 2025, a Abuja kanta, malaman firamare sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki saboda ƙananan hukumomin birnin ba su fara biyan su sabon mafi ƙarancin albashi ba. Wannan a ƙasar da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Sardauna Ahmadu Bello, da Malam Aminu Kano, da Shehu Shagari duk da alli suka fara. Kwanon shinkafar iyaye ba zai biya bashin da gwamnati ta ci ba, kada wani kwamishina ya karanta wannan ya ji sanyi. Amma talakan da ɗansa yake makarantar gwamnati shi ma yana da abin bayarwa: ƙwan zabi na damina, ɗanyar masara in ta nuna, ko tiyar gyaɗa in an cire. Malamin ƙauye ya san darajar waɗannan.

Sai kuma a je da ƙafa. Uba ya saci rabin awa daga kasuwa ko ofis, uwa ta yafa mayafinta, a samu malamin a gaishe shi, a faɗa masa takamaiman abin da aka gani: "Malam, yaron nan da ya shigo ajinka ba ya iya haɗa baƙi, yanzu shi yake karanta wa kakarsa saƙon waya." Malamai da yawa sukan shekara ba su ga fuskar uba ba sai ranar da ya zo faɗa don an daki ɗansa. In an shiga harabar kuma a waiwayi maigadin da yake tsallakar da yara titi, da mai rainon da take wanke 'yan nazare in sun ɓata jikinsu, da direban motar makaranta. Albashinsu bai kai na malaman ba, kuma sunansu ba ya fitowa a takardar biki.

A taron iyaye da malamai na ƙarshen zangon nan, in an gama karanto kuɗin rumfa da na hoto, ina roƙon wani uba ya ɗaga hannu ya tambayi mai makaranta a gaban kowa: "Ranka ya daɗe, za a biya malaman nan albashin Agusta cikakke, ko ba za a biya ba?" In ya fara kame-kame, sauran iyaye kada su bar mai tambayar shi kaɗai, su ce ba za su biya kuɗin bikin ba sai sun ji amsa.